TABKIN ANSI: YADDA GARURUWA TAKWAS SUKA CECI RUWANSU

Darasinmu na yau zai kai mu ƙasar Faransa, cikin duwatsun Alp. A can akwai wani gari mai suna Ansi. Garin yana bakin wani babban tabki, duwatsu masu tsawo sun kewaye shi. Tsawon tabkin ya fi kilometir 14. Wurin da ya fi zurfi ya kai metir 82. Ba ya ƙafewa, domin ruwan sama da ƙanƙarar da ke narkewa bisa duwatsu suna gangarowa cikinsa.

Tarihin garin

Mutane sun daɗe a wurin. Shekaru dubbai da suka wuce, mutanen farko sun kafa turaku a bakin ruwa, suka gina bukkokinsu a kai. Har yanzu ragowar turakun na ƙarƙashin ruwa.

A da, Ansi tana hannun sarakunan Sabwa. A shekara ta 1860 ne yankin ya shiga cikin Faransa. A wannan shekara sarkin Faransa, Napoliyon na 3, ya kawo ziyara. Aka yi masa biki bisa ruwa, da jirage masu fitilu. Nan ne asalin bikin tabki da ake yi da wasan wuta a watan Agusta.

Ranar da tabki ya kamu da ciwo

Gari ya yi ta girma, baƙi suka yawaita. Ruwan masai da na wanki duk cikin tabki yake zuba. Ruwa ya fara gurɓacewa, gansakuka ta yi yawa, kifi mai kyau ya ragu. Alhali wannan ruwa ne mutanen gari ke sha.

Wani likita mai suna Paul Servettaz ya yi ta jan kunnen jama'a da hukuma. Amma gari ɗaya ba ya iya wannan aiki. In Ansi ta daina zuba ƙazanta, maƙwabta ba su daina ba, aikin banza ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1957 garuruwa 8 na bakin tabkin suka kafa ƙungiya, suka haɗa kuɗi. Aka binne babban tiyo a gefen tabki. Ruwan ƙazanta na gidaje ya koma bin tiyon zuwa wata ma'aikata a bayan gari, inda ake tace shi. Aikin ya ɗauki shekaru, sauran garuruwa suka shigo daga baya. Yau ana lissafa tabkin Ansi cikin mafi tsabta a Turai.

Shaƙatawa

Lokacin zafi, yara da manya suna iyo, suna tuƙa ƙananan jirage, wasu suna kamun kifi. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta gefen tabki an mai da ta hanyar keke. Masu ƙarfin gwiwa suna hawan dutsen Turnet a ƙafa, tsawonsa metir 2,351. Wasu kuma suna tasowa daga kan dutse da babbar laima, iska ta ɗauke su kamar shaho, su sauka a bakin ruwa.

Baƙin nan suna kwana, suna cin abinci, suna hayar jirgi da keke. Ta haka mutane da yawa suke samun na tuwo. Da tabkin ya lalace, wa zai zo?

Tambayoyi

1. Me ya ɓata ruwan tabkin Ansi?
2. Don me gari ɗaya bai isa ya gyara shi ba?
3. Garuruwa nawa ke shan tabki ko gulbin da ke kusa da ku? Me ke zuba cikinsa? Ku tattauna da malaminku.