Yini Guda a Kan Tafkin Rayfield: Darasi Daga Kududdufan Kuza

Gabatarwa

Garin Jos yana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, ba shi da babban kogi kamar Kwara ko Binuwai. Duk da haka, akwai inda ake shiga kwale-kwale a yi yawon shan iska. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan asalin wannan ruwa da abin da ɗalibi zai koya daga gare shi.

Asalin Ruwan

Turawan Ingila sun fara haƙar kuza a ƙasar Jos a farkon ƙarni na 20. A shekarar 1914 layin dogo daga Zariya ya iso yankin, leburori Hausawa da wasu ƙabilu suka yi ta kwararowa Naraguta da Bukuru da Barikin Ladi. Ana buƙatar ruwa mai yawa wajen wanke kuza, don haka kamfanoni suka datse rafuffuka, suka haƙa magudanai. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, sai aka bar manyan ramuka, ruwan sama ya cike su. Tafkin Rayfield ɗaya ne daga cikinsu.

Yadda Yinin Ya Kasance

A nan muka yi mahaɗa da abokan karatuna na sakandare wata Asabar, wasu daga Bukuru, wasu daga Unguwar Rogo. Bayan gaisuwa da barkwancin yaushe gamo, muka shiga jirgi. Mai tuƙi ya ce, "Samari, kowa ya zauna inda na ajiye shi, kada ku taru gefe ɗaya." Muka zaga tafkin a hankali, muna kallon tuddan jar ƙasar da masu haƙa suka tara. Da la'asar muka yi salla, muka ci tsire, muka yi sallama.

Kwatanci da Ingila

Su ma Turawan sun haƙa hanyoyin ruwa don dakon kwal, kamar ta Bridgewater da aka buɗe a 1761. Da yawa daga cikin jiragensu sirara ne, faɗinsu bai wuce ƙafa 7 ba, dawakai ke jan su a da. Da jirgin ƙasa da mota suka ƙwace dakon, sai aka gyara hanyoyin don yawon buɗe ido. Mu kuwa yawancin kududdufanmu suna nan a yashe, sai masu noman rani da ke ban ruwan dankali da kabeji da su.

Kammalawa

Kududdufin kuza ba shi da gaɓa mai gangara a hankali. Taku ɗaya ne tsakanin tudu da zurfi, ga sanyi, ga laka. Ya ci yara da manya, har da gwanayen iyo. Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, kada a shiga jirgi sai da rigar kariya, kada a yi wanka a wanda ba mai tsaro. Hukuma kuma ta killace masu haɗari, ta gyara sauran don amfanin jama'a. Rigakafi dai ya fi magani.