Manhaja Ɗaya a Ƙasa Mai Harsuna Barkatai: Fuskoki Biyu na Hausa a Makarantun Nijeriya

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda manhajar bai-ɗaya ta makarantun Nijeriya take mu'amala da bambancin harsuna da tarihin yankuna, ta hanyar bin sawun Hausa a cikinta. An nuna cewa Hausa tana da fuska biyu a wannan tsari. A gaban Ingilishi harshen yanki ce mai fafutukar neman gurbi, amma a cikin Arewa ita ce ma'aunin da makaranta take auna sauran harsuna da shi, har ma da kare-karen Hausar kanta.

1.0 Gabatarwa

Kafin samun mulkin kai, da ma 'yan shekaru bayansa, babu abin da za a kira manhajar Nijeriya a matakin firamare. Kowace jiha daga cikin manyan jihohin wancan zamani tana da dokar iliminta. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, Gabas ta biyo baya a 1957, Arewa kuwa ta ci gaba da tafiya a nata takun, har tsawon karatun firamaren ma ya bambanta: shekara shida a Yamma, bakwai a Arewa. Tunanin ɗinke wannan ɓaraka ya fito fili ne a taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas cikin watan Satumba na 1969. Yana da kyau a lura da wannan shekara, domin a lokacin ana tsaka da yaƙin basasa. Manhajar da aka yi cikinta ana jin ƙarar bindiga ba abin mamaki ba ne idan ta ɗora haɗin kan ƙasa bisa komai, ta kuma riƙa kallon duk wani abu mai ƙamshin yanki da ɗari-ɗari. Daga wannan taro ne aka samu Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977, wanda aka yi ta yi wa kwaskwarima a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Tun daga 1988 hukumar NERDC ce ke tsara manhajar da ake son yaron Argungu da na Kalaba su bi babi-babi.

2.0 Abin da Tsarin Ya Tanada Game da Harshe

A kan takarda, tsarin bai yi wa harsunan gida rowa ba. Ya ce a koyar da yaro da harshen uwa, ko da harshen da ya fi yaɗuwa a muhallinsa, a shekaru ukun farko na firamare, sannan a koma Ingilishi. Ya kuma buƙaci kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa ko Igbo ko Yarbanci, ban da harshensa na gado. Kundin tsarin mulki na 1979 da na 1999 sun ƙarfafa wannan fifiko, inda suka ambaci harsunan uku a matsayin waɗanda za a iya gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da su idan an yi tanadin da ya dace.

Manazarta Hausa sun daɗe suna kokawa cewa ba a aiwatar da wannan tanadi, kuma kukansu yana bisa hanya: makarantu masu zaman kansu da dama suna hukunta yaron da ya yi Hausa a aji. Sai dai akwai wani gurbi a cikin tanadin da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato jimlar nan ta “harshen da ya fi yaɗuwa a muhallin yaro”. A Kano ko Katsina wannan jimla ba ta da wata illa, domin harshen uwa da na muhalli abu ɗaya ne. A Ɓilliri ko Biu ko Pankshin kuwa, jimlar ƙofa ce da aka bari a buɗe. Malamin da ba shi da littafin koyon karatu da Tangale ko Bura ko Ngas, kuma wataƙila shi kansa ba ya jin harshen, zai koma ga Hausa ne, ya kuma ce bai saɓa wa doka ba. Ta haka ɗan Bahaushe yake shiga aji da harshen gidansu a matsayin darasi mai littafi da malami da jarrabawa, ɗan Tangale kuma ya ajiye nasa a bakin ƙofa, ya ɗauki baƙin harsuna biyu a lokaci guda.

Jarrabawa ce ke ƙarasa aikin. A cikin harsunan Nijeriya da masana ke ƙiyasta sun haura 500, guda uku ne kacal ɗalibi zai iya zaɓa a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Shugaban makaranta kuwa ya san abin da iyaye suke tambayarsa a ƙarshen shekara. Darasin da ba ya kai yaro jami'a, ko an rubuta shi a jadawali, lokacinsa na sharar fili ne.

Ba za a yi wa makaranta adalci ba idan aka ce ita ce ta haddasa janyewar ƙananan harsunan Arewa. Kasuwa da auratayya da addini da aikin gwamnati sun riga ta. Ajawa da Gamo-Ningi na ƙasar Bauchi sun ɓace, masu su sun koma Hausa, ba tare da wata manhaja ta tilasta musu ba. Abin da makaranta ta yi shi ne ta buga wa sauyin hatimi. Abin lura kuma, hukumar NORLA ta shekarun 1950, duk da cewa gwamnatin yanki ce ta kafa ta, ta fi manhajar yau sakin fuska ga bambanci: ta wallafa littattafan yaƙi da jahilci cikin harsuna da dama ban da Hausa, ta kuma fitar da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Albishir ta Barno.

3.0 Daidaitacciyar Hausa da Kare-karenta

A nan ne lamarin ya fi kusa da aikin masu nazarin Hausa, domin abin da manhajar ƙasa take yi wa yankuna shi ne darasin Hausa yake yi wa Hausawa a cikin gida. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan Kananci, ta bi ta ƙa'idojin rubutun da Hanns Vischer ya fitar a 1912, da aikin Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955. Babu mai musun amfaninta. Ba don ita ba da littafi ɗaya bai karantu daga Yawuri zuwa Haɗeja ba.

Matsalar tana ga yadda ake koyar da ita. Yaron Sakkwato da ya tashi yana jin “munka tahi” da “shina zuwa” yakan tarar an ja masa jan layi a ƙarƙashinsu, a rubuta masa “muka tafi” da “yana zuwa”, ba tare da an gaya masa dalili ba. Wanda ya ce “hwara” maimakon “fara” yakan zama abin dariyar aji. A Bauchi, inda bambancin jinsi na nahawu ya yi rauni a bakin jama'a, ana ɗaukar hakan a matsayin rashin iya Hausa, alhali siffa ce ta karin harshe da manazarta suka daɗe da bayyanawa. Ga masanin tarihin harshe, da yawa daga siffofin Hausar Yamma sun fi na Kananci daɗewa. Wato abin da alƙalamin malami yake kashewa a matsayin kuskure, a wasu lokutan shi ne tsohon zubi.

Akwai saɓani mai ban takaici a cikin manhajar kanta. Ɓangaren adabi yana gabatar wa ɗalibi waƙoƙin makaɗan baka irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waɗanda armashinsu ya rataya ne a kan Hausar Yamma, sannan ɓangaren insha'i ya rage masa maki idan ya yi rubutu da wannan Hausa. Ba a cewa a daina koyar da daidaitaccen rubutu. Abin da ya ɓace shi ne darasin da zai nuna wa yaro cewa yana da Hausa biyu, ta gida da ta takarda, kowace da muhallinta.

4.0 Tarihin Wa Ake Koyarwa?

Da aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2008, tarihi ya rasa matsayinsa na darasi mai cin gashin kansa a firamare da ƙaramar sakandare, aka narkar da shi cikin darasin zamantakewa, sai bayan kusan shekara goma aka fara dawo da shi. Dawowar tasa ba ta warware tambayar ba. Littafin da aka rubuta don ƙasa baki ɗaya dole ya taƙaita Arewa cikin 'yan shafuka: Nok, Bayajida da Hausa Bakwai, Kanem-Barno, jihadin 1804. Amma jihadin nan kansa ba labari ɗaya ake bayarwa a kansa ba ko a tsakanin Hausawa. Kabawa sun ci gaba da gwagwarmaya daga Argungu, har ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta 1934 ta zama alamar sulhu da tushen bikin kamun kifin da ake yi a yau. Gidan sarautar Zazzau na Haɓe ya koma inda ake kira Suleja yanzu, na Katsina ya koma Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Yaron da kakansa yake ba shi waɗannan labarai da dare yakan iske littafin makaranta ya yi shiru a kansu, balle ɗan Jukun da ake ambaton Kwararrafa kawai a matsayin masu kai wa Kano hari.

Rikicin da ya tashi a 2017 kan cusa darussan addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwar darasi guda, wanda ya tilasta sake raba su, ya nuna cewa jama'a suna sa ido a kan manhaja idan ta taɓa abin da suke ɗauka asalinsu ne. Harshe da tarihin gari ba su samu masu tsaya musu irin haka ba.

5.0 Iyakar Abin da Yanki Zai Nema

Hujjar masu son manhaja ɗaya ba ta da rauni, musamman ga Arewa. Yankin da ya daɗe a baya wajen ilimin boko shi ne zai fi cutuwa idan aka ce kowa ya auna 'ya'yansa da nasa mudu, domin gurbin jami'a da na aiki a kasuwa ɗaya ake neman su. Ɗan ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki daga Gusau zuwa Owerri yana da haƙƙin ya tarar da lissafin da ya baro. Saboda haka lissafi da kimiyya da Ingilishi ba su ne wurin jayayya ba.

Jayayyar tana ga darussan da ke gaya wa yaro ko shi wane ne, kuma Nijeriya ba ta rasa abin koyi a nan. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Ingilishinsu kuma bai lalace ba. A jihar Ribas, aikin Kay Williamson da abokanta ya samar da littattafan koyon karatu cikin ƙananan harsuna da dama. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta daidaita manhajar ƙasa da rayuwar masu kiwo. Duk da haka, manufar harshe ta 2022 da ta faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa dukkan shekarun firamare ba ta daɗe ba, domin a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Manufar ta zo ne babu isassun malamai da littattafai, ta kuma tafi kafin a samar da su.

Wannan koma-baya ya shafi Hausa, amma Hausa tana da rediyo da Kannywood da kasuwa da za su riƙe ta. Tangale da Bura da Ngas ba su da wannan garkuwa. Ilimi yana cikin abubuwan da jihohi suke da hurumi a kai, don haka babu abin da ya hana Gombe ko Filato ko Kebbi ware wani kaso na darasin harshe da tarihi ga abin da ke ƙasarsu. Wannan yana buƙatar ƙa'idar rubutu da ƙamus da littafin aji ɗaya, kuma mafi yawan masu horon yin wannan aiki a Arewa suna zaune ne a sassan jami'o'in da ake kira na Harsunan Nijeriya, inda kundayen digiri da ake rubutawa kusan duka a kan Hausa suke.