Lasin Tuƙi: Yadda Ake Samunsa da Hukuncin Wanda Ya Karya Doka

Jama'a, kowa ya san yadda yawancin direbobinmu suka koyi mota. Yaro ya fara da wankin mota a tasha, ya zama karen mota, wata rana maigidansa ya miƙa masa makulli ya ce ya gyara fakin. Bayan shekara biyu sai ka ji ana kiransa direba. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, ba mu musu. Amma a idon dokar Nijeriya, iya murɗa sitiyari bai ba mutum izinin hawa titi ba, sai yana riƙe da lasin tuƙi na gaskiya.

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda muke kira Rod Sefti, an kafa ta a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokar da take aiki da ita ita ce ta 2007. Ita ke buga lasin, amma ba ita kaɗai ke da hannu a ciki ba. Akwai jami'an VIO masu gwada direba da duba lafiyar mota, akwai kuma hukumar tara haraji ta jiha.

Sharaɗi na farko shekaru ne. Wanda bai kai 18 ba, ba shi ba lasin. Na biyu koyo. Sabon direba sai ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda Rod Sefti ta amince da ita, ya kammala, ta ba shi takardar shaida. Muddin yana koyo, zai manna jan harafin L a gaban mota da bayanta, kuma ba zai tuƙa ba sai da mai lasin zaune a gefensa. Daga nan VIO su gwada shi, ya cike takarda tare da lambar katinsa na ɗan ƙasa, ya biya kuɗi, a duba ganinsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Za a ba shi lasin wucin-gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai aiki shekara 3 ko 5, gwargwadon wanda ya biya.

A lura kuma lasin aji-aji ne. Ajin A na babur ne, B na ƙaramar motar gida, F na tarakta da injinan noma, G na tirela da tanka, J kuwa na masu buƙata ta musamman. Mai lasin B da ya hau tirela, hukuncinsa ɗaya da wanda ba shi da komai.

To, ga inda jama'a suka fi faɗawa rami. Akwai mutanen da ke tsaye a bakin ofisoshi da tashoshi, su ce maka: "Alhaji, kawo hotonka da kuɗi, gobe ka zo ka karɓa." Ka sani, duk lasin da aka kawo maka gida ba ka taɓa zama gaban na'ura an ɗauki yatsunka ba, a karon farko, jabu ne, komai kyan robarsa. Jami'in da ya tare ka lambar kawai zai shigar a wayarsa. In ba ta fito a rumbun hukuma ba, magana ta ƙare. Wanda ya sayar maka ya yi gaba, kai ne a hannu. Sauri ya haifi nawa ke nan. Abin da ya fi wannan muni, mutumin da ya sayi lasin ya tsallake gwajin ido, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa ma'anar alamomin da ke gefen titi, ga shi ya ɗebo fasinja goma sha takwas ya nufi Zariya da daddare.

Game da hukunci, jadawalin dokar ya yanka wa kowane laifi tararsa. Tuƙi babu lasin, ko da wanda wa'adinsa ya ƙare, naira 10,000. Takardun jabu, naira 20,000. Tuƙin ganganci, naira 50,000. Tuƙi a buge, naira 5,000. Amsa waya ana tuƙi, 4,000. Wuce ƙa'idar gudu, 3,000. Ƙin ɗaura bel, 2,000. Lodi fiye da ƙima naira 10,000 ne, haka ma yunƙurin ba jami'i cin hanci. Jihohi kuma suna da nasu dokokin, kamar waɗanda hukumar KAROTA ke zartarwa a Kano.

Wani zai ce ai kuɗin ba su da yawa. Gaskiya ne, wasu daga cikin tarar ba su kai kuɗin cika tanki ba, kuma a ganinmu sun yi kaɗan. Sai dai tara ba ita ce ƙarshen zance ba. Ana iya tsare mota har sai an biya, ana iya gurfanar da direba gaban kotun tafi-da-gidanka nan take. Kowane laifi kuma yana da makin da ake rubutawa a kan lasin mutum. In maki ya taru, sai gargaɗi, sai dakatarwa, sai ƙwace lasin ɗungurungum. In kuwa tuƙin ganganci ya jawo asarar rai, maganar ta bar tara ta koma ɗauri.

Iyaye, wannan ta ku ce. Yaron da kuke ba makullin mota ranar biki ya je ya yi wasa da ita cikin ayarin amarya, ko ɗan shekara goma sha huɗu da kuka saya wa babur, doka ta hana, kuma alhakin duk wanda ya buge yana wuyanku kafin nasa. Masu motocin haya da masu a daidaita sahu, kada ku ba direba abin hawa sai kun ga lasinsa da idonku, kun duba ajinsa da ranar ƙarewarsa.

Kai kuma mai karatu, ciro naka yau ka duba. In ya ƙare, ka tafi ofis da ƙafarka ka sabunta, ka karɓi rasit, kada ka aiki kowa. In ka ga haɗari a hanya, kira 122, lambar gaggawa ta Rod Sefti, kyauta ce.