HUKUNCIN SAYO KARE MAI TAKARDAR ASALI DAGA ƘASASHEN WAJE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda tsoro ya haifar, dukiya kuma ta yi mata jagora. Kowa ya san irin wahalar da mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka sha a hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane. Ba a manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A shekarar 2023 gwamnatin Jihar Katsina ta kafa rundunar sa-kai ta tsaron al'umma domin taimaka wa jami'an tsaro. Duk da haka kowane magidanci yana neman dabarar da zai tsare ƙofarsa da garkensa.

To, a ƙaddara wani mutumin Ruwan Godiya mai hali, yana da gona da shanu, ya ga hoton wani ɗan kwikwiyo a waya, irin karnukan Jamus, ko ƙattin nan na Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel. Mai kiwonsu yana can ƙetare, ya ce kwikwiyon yana da takardar asali mai nuna uwa da uba da kakanni, a aiko da kuɗi a ɗoro shi a jirgi. Shin ya halatta ya saya? Amsar tana da rassa huɗu: ajiye kare, cinikinsa, sayen abin da ba a gani ba, da haƙƙin da ke biyo baya.

AJIYE KARE

Shari'a ba ta rufe ƙofar amfani da kare ba. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, Allah ya halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo wa mai ita, idan an ambaci sunan Allah. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya ajiye kare, ba don farauta ko tsaron dabbobi ko tsaron shuka ba, ladansa yana raguwa kullum da ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu. Saboda haka uzuri uku ne suka zo da nassi, manomi da makiyayi na Ruwan Godiya kuwa suna cikin biyu daga ciki.

Saura tsaron gida. Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya hana ajiye kare cikin gidaje a littafinsa Risala, wanda almajiran ƙasar Hausa suke karantawa a zaure. Amma masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa katangar gidan Shehun ta taɓa faɗuwa a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Da wannan da kuma ƙiyasi a kan tsaron dabbobi malamai da yawa suka halatta karen gadi idan akwai tsoro na haƙiƙa. Wanda kuwa burinsa a ce yana da karen Turai, ya zaunar da shi a falo, ya ɗauki hoto da shi, wannan ba shi da uzuri, yana hasarar lada kowace rana, ga kuma hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake.

CINIKIN KARE

A nan ne malamai suka yi saɓani. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa, daga Abu Mas'ud mutumin Madina, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin kuɗin kare. Shafi'iyya da Hambaliyya sun riƙe wannan hani a kan kowane kare. Hanafiyya sun halatta sayar da kare mai amfani, domin a wurinsu dukiya ce. A mazhabar Malikiyya, zance mafi shahara shi ne hani, amma Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 240 bayan Hijira, ya halatta sayar da karen da aka yi izinin ajiyewa, har ya nuna ana iya zuwa Hajji da kuɗinsa. Ibn Asim ma, a cikin Tuhfa wadda alƙalai suke aiki da ita, ya tafi a kan halaccin sayar da karen tsaron dabbobi. Risala ta ƙara da cewa wanda ya kashe irin wannan kare zai biya ƙimarsa.

Abin da za a fahimta shi ne, mabuƙaci wanda bai sami kare ba sai da saye yana da malaman da zai jingina da su. Amma wanda ya sami kyauta daga maƙwabci ko mafarauci ya fita daga saɓani gaba ɗaya, fita daga saɓani kuwa abin so ne. Karen ado da alfahari, babu wani malamin Malikiyya da ya buɗe ƙofar cinikinsa.

SAYEN ABIN DA BA A GANI BA

Ko da an bi masu halattawa, akwai sauran aiki. Malikiyya sun yarda a sayi abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ba su yarda a sharɗanta biyan kuɗi tun da fari ba, sai in abin yana kusa, ko kuwa irin wanda ba ya sauyawa ne, kamar gida da fili. Kwikwiyon da ke wata nahiya ya yi nisa, kuma rai gare shi, yana iya ciwo ko mutuwa kafin ya iso. Mafi muni, wasu masu kiwo sukan karɓi kafin alƙalami tun kwikwiyon yana cikin uwarsa, sayar da abin da ke cikin ciki kuwa garari ne wanda shari'a ta hana. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Takardar asali ma shaida ce ta dangantaka kurum, ba ta lamunce lafiya ko jarunta ba, ana kuma iya ƙirƙira ta. Hanyar tsira ita ce a wakilta amintacce ya gani da idonsa, ko a jinkirta biya har dabbar ta iso.

HAƘƘIN DA KE BIYO BAYA

Na farko haƙƙin hukuma. Ba a shigo da dabba Nijeriya sai da izinin sashen likitocin dabbobi na Gwamnatin Tarayya, da takardar lafiya, da shaidar allurar ciwon haukan kare, jami'an killace dabbobi da tsirrai kuma suna dubawa a filayen jiragen sama. Bin wannan doka wajibi ne, domin maslahar jama'a ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare ne. Ana yi wa kwikwiyo allura tun yana wata 3, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom kuwa tana haɗa wannan allura. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

Na biyu haƙƙin maƙwabta. Kare mai cizo, idan mai shi ya san halinsa ya sake shi, to lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Yaran da ke zuwa makarantar allo da masu tallar nono suna da haƙƙin wucewa lafiya.

Na uku haƙƙin dabbar kanta. Hadisi ya tabbata cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, wata mace kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Kare mai kaurin gashi wanda aka halitta masa jure sanyi, idan aka ɗaure shi a zafin bazara, kaska tana cinsa, babu likita kusa, babu irin abincin da ya saba, to an zalunce shi.

Na huɗu haƙƙin dukiya. Kuɗin kwikwiyo da na jirgi da na takardu duk da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Aya ta 26 da ta 27 na Suratul Isra'i sun yi umurni da ba dangi da miskini haƙƙinsu, suka kuma tsawatar a kan almubazzaranci. A garin da akwai marayu da waɗanda suka sayar da gona don fansar ɗan'uwa, lalle mai dukiya ya auna kafin ya kashe.

Abin lura kuma, Turawa da kansu sun ɗebi karen Buzaye mai suna Azawak daga Mali da Nijar suka kai ƙasashensu, har babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerinta a shekarar 2019. Karen gida ya san rana da ƙaya, yana cin abin da aka ci, yana kuma yin haushi a kan baƙon dare kamar kowane kare. Aikin kare farkar da mutane ne, ba ya tare harsashi komai tsadarsa.

A taƙaice, wanda yake da buƙata ta gaskiya ya nemi na kusa, ya ajiye shi a garke ko bakin ƙofa ba cikin ɗaki ba, ya yi masa allura, ya ciyar da shi. In har sai ya sayo daga waje, to ya kiyaye sharuɗɗan da suka gabata. Allah ya mayar da aminci a Ruwan Godiya da kewayenta, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah shi ne Mafi sani.