Amsoshin Tambayoyinku: Akwai Dokar da Ke Kare Ɗan Caca Daga Kansa?

TAMBAYA: Ƙanena ɗan shekara 22 ya faɗa cacar ƙwallo ta waya. Ya cinye jarin shagonsa na cajin waya, makon jiya kuma na tarar ya sayar da janareta. Kullum maganarsa ɗaya: "Yaya, wasa ɗaya ne ya ɓata min tikiti." Shin babu dokar da ta hana kamfanonin nan tatse mutum haka?
Daga wata mai karatu, Zariya

AMSA: Allah Ya shirya shi, Ya ba ki haƙuri. Doka akwai, sai dai a Najeriya ta fi ƙarfi a bakin ƙofar shago, ba ta cika kaiwa cikin waya ba.

A da, dokar caca ta tarayya ta 2005 ce ke bai wa kamfanoni lasisi. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta shigar tun 2008, cewa wannan hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta tsaya a Abuja. A jihohin da ke bin Shari'a caca laifi ce, shi ya sa Hisbar Kano ta garƙame shagunan caca da dama a 2024. Amma shagon cacar da ƙanenki ke shiga yana cikin aljihunsa, ba a iya sa masa kwaɗo.

Birtaniya, inda ake buga ƙwallon da yake zuba wa kuɗi, ta halasta caca, ta kuma ɗanɗana kuɗarta. Dabarar da ta koma wa ita ce rage gudun kuɗi daga aljihun mutum. A da akwai wasu injinan caca a shaguna da mutum kan iya zuba musu fam 100 a bugu ɗaya. A Afrilun 2019 aka rage adadin zuwa fam 2. A Afrilun 2020 aka hana yin caca da katin bashi na banki, don kada mutum ya buga kuɗin da bai mallaka ba. Akwai kuma rajista mai suna GAMSTOP: mutum ya sa sunansa da kansa, sai duk kamfani mai lasisi a intanet ya rufe masa ƙofa na wata shida, ko shekara ɗaya, ko biyar. Ko ya yi nadama da tsakar dare ya roƙa, ba za a buɗe ba.

Ki lura da hikimar. Ɗan caca yakan dawo hayyacinsa da safe, idan asara ta yi masa zafi, ya kuma zame da yamma idan an fara wasa. Dokar kirki tana riƙe masa alkawarin safe ne har yamma ta wuce.

Wannan kuwa za ku iya yin sa a gida. Ki same shi da safe, ba a gaban mutane ba, ba da gori ba. Da yardarsa, ku rubuta wa kamfanin ya rufe asusunsa, ku adana shaidar saƙon. Katin cirar kuɗinsa ya koma hannun wani babba, cinikin shago ya riƙa shiga can. Kada ki biya masa bashin caca da kuɗi a hannu, mai bashin za ki bai wa. Idan ya daina barci ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, ku kai shi asibiti ɓangaren masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa, domin jarabar caca cuta ce da likitoci suka sani, ana kuma maganinta.