Firgitar dabbobin gida lokacin nokawut da harbin bindigogin biki a Madabo

Ƙarar nokawut da ta bindigogin gargajiya na cikin abubuwan da suka fi firgita dabbobin gida a cikin birnin Kano, kuma lokacinsu sananne ne. Akwai Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, inda 'yan bindiga ke cika gari da albarushi tun daga hawan idi har zuwa Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Akwai daren Mauludi, 12 ga Rabi'ul Awwal, sannan Takutaha mako guda bayansa, ranar da jama'a ke tururuwa zuwa Dutsen Dala. Madabo na kusa da dutsen, saboda haka duk wata hayaniya ta wannan rana a ƙofar gidajen unguwar take wucewa. Rundunar 'yan sandan jihar takan fitar da sanarwar hana wasa da nokawut gabanin bukukuwa, amma duk da haka yara sukan samu su fasa.

Likitan dabbobi da ke aiki a cikin birni ya san abin da kan biyo bayan irin waɗannan ranaku: doki da igiya ta yanke masa dantse, akuya mai ciki da ta yi ɓari, kyanwar da ta ɓace, tantabarun da suka tashi cikin dare suka bugi bango. Mai dabba yakan ce taurin kai ne ko iskanci. Tsoro ne, kuma yana da dalili a halittar dabbar. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya haura girgiza 20,000 a daƙiƙa, alhali doki na kaiwa wajen 33,000, kare wajen 45,000, kyanwa kuwa har 64,000. Ga shi kuma dabba ba ta san ranar Sallah ba. Tsawa tana zuwa da hadari da iska, dabba ta ga alama ta nemi mafaka; nokawut kuwa babu sallama yake fashewa. Tsarin unguwa irin Madabo yana ƙara tsananta lamarin, domin lungunan ƙunci ne, katangu na fuskantar juna, rufin kwano ya maye gurbin azara a gidaje da yawa. Ƙara ɗaya sai ta yi amsa-kuwwa ta fito ta ko'ina, dabba ta rasa ta inda haɗarin yake balle ta san inda za ta nufa.

Alamomin sun bambanta. Kare yakan yi haki, ya riƙa dalalar da miyau, jikinsa na rawa. Kyanwa takan lafe, ƙwayar idonta ta buɗe, ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi abinci. Zomo yakan sandare wuri guda, wanda ya gan shi sai ya ɗauka lafiya lau yake, alhali in aka cafke shi a wannan hali yana iya harba ƙafafu da ƙarfin da zai karya masa ƙashin baya.

Masu kiwon tantabaru su ne ya fi kamata su yi hattara, don kiwo ne da matasan cikin birni ke ji da shi, wasu tantabarun kuma kuɗi ne masu yawa. Tantabara ba ta gani sosai da dare. In ƙara ta tashe ta, sama take yi a makance, ta bugi rufi ko waya, uwa ta bar ƙwai ya huce, 'yan shila su faɗo daga tukunya. A daren shiga shekarar 2011 dubban tsuntsaye sun faɗo matattu a garin Beebe na jihar Arkansas a Amurka, masu bincike kuma suka danganta abin da firgitar wasan wuta da ta sa su tashi cikin duhu suna karo da gidaje da itatuwa. Maganin a nan mai sauƙi ne: a rufe ɗakin tantabaru tun kafin magariba, a rataya buhu ko tsohon bargo a ƙofa ba tare da an toshe iska ba, a bar ɗan haske kaɗan a ciki yadda wadda ta zabura za ta ga wurin sauka. Kejin kanari ko na aku a shigar da shi ɗaki. Hayaƙin albarushi ma na cutar da tsuntsu fiye da sauran dabbobi, saboda yanayin numfashinsa.

Kyanwa da kare wurin ɓuya suke buƙata, kuma su ya kamata su zaɓa. Ɗakin ƙurya mai kaurin bango ya fi tsakar gida, a rufe taga, a kunna rediyo daidai kima don ta rage kaifin ƙarar waje, a ajiye ruwa kusa. A ciyar da su da wuri, tun kafin a fara. Wadda ta shige lungu kada a jawo ta. Wadda ta zo ta raɓu da mai ita a shafa ta, a yi mata magana a hankali. Rarrashi ba ya ƙara wa dabba tsoro. Duka da tsawa ne ke ƙara shi, domin dabbar za ta haɗa ƙarar da zafin bulala, badi abin ya fi na bana muni.

Doki da rago da akuya matsalarsu turke ce. Dabbar da ta zabura a ɗaure ita ke ji wa kanta ciwo, musamman in igiyar siririyar leda ce ko kuma an ɗaura ta a wuya da zarge. A duba igiya, a kawar da langa-langa da ƙarafa daga barga, a zuba harawa isasshiya, a kuma ɗaure dabba kusa da 'yar uwarta, don dabbar garke ta fi natsuwa in tana ganin wata. Ragon layya da aka sayo kwana biyu kafin Sallah baƙo ne a gidan, firgitarsa ta fi ta kowa.

Wani abu da ke damun likitocin dabbobi ƙwarai shi ne ɗura wa dabba maganin mutane don ta yi barci. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Taramol da magungunan barci ba abin gwaji ba ne a jikin dabba. Hatta asefuromazin, wanda maganin dabbobi ne, kashe jiki kawai yake yi, tsoron na nan daram, dabbar tana ji amma ta kasa motsi. Akwai magungunan da ke rage fargabar kanta, likita ne ke rubuta su bayan ya san nauyin dabba da lafiyarta, kuma makonni kafin biki ake zuwa neman su, ba ranar jajibere ba.

Magani mai ɗorewa shi ne sabo, kuma mahaya dawakin Kano sun riga kowa saninsa. Dokin da ke tsayawa cak 'yan bindiga na harbi a gefensa ranar hawa ba haka aka haife shi ba. An saba masa ne da kiɗa da taro da ƙara sannu a hankali, daga nesa zuwa kusa, yana tare da dawakin da suka riga suka goge. Haka ake yi wa kyanwa ko kare. A ɗauki ƙarar nokawut a waya, a kunna ta can ƙasa-ƙasa lokacin cin abinci, a riƙa ƙara sautin kaɗan-kaɗan cikin makonni. Da zarar dabbar ta daina ci ko ta noƙe, an yi gaggawa, sai a koma baya. Jefa nokawut kusa da dabba wai don ta saba ba horo ba ne, lalata ta yake yi.

Washegarin biki a share ƙofar gida da lungu, don awaki na cinye takardun nokawut da ragowar hodarsa, sinadaran ciki kuma na iya zame musu guba. A duba ƙafafu da wuyan dabbobin da ke ɗaure. Dokin da ya ƙi ci, yana tonon ƙasa yana waiwayen cikinsa ko yana birgima, ciwon ciki ne da ba ya jira, a kira likita nan take. Haka akuya mai ciki da aka ga jini ko ruwa na fita daga bayanta. Kyanwar da ta gudu kuwa yawanci ba ta yin nisa; a neme ta da dare bayan gari ya yi tsit, a soraye da kangaye da bayan tarin itacen maƙwabta, a bar mata abinci da shimfiɗarta a ƙofar gida.