GUZURIN TAFIYA: DARASI DAGA ANNABI ILIYA

Sau ɗaya cikin shekara uku, a watan Agusta, Ikilisiya takan karanta mana labarin Annabi Iliya daga Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, tare da Bisharar Yohanna, sura 6, inda Yesu ya bayyana kansa a matsayin abincin rai.

Iliya ya yi nasara a kan annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, amma da sarauniya Yezebel ta rantse za ta kashe shi, sai ya gudu jeji. Ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba. Ya aiko mala'ika ya tashe shi daga barci, ya nuna masa gurasa da tulun ruwa. Ya ci, ya sake kwanciya. Mala'ikan ya sake tashe shi ya ci, domin akwai doguwar tafiya a gabansa. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40 har Horeb, dutsen Allah.

Mu lura: guzuri aka ba Iliya, guzuri kuwa na matafiyi ne. Haka Misa take a gare mu. Majalisar Vatikan ta Biyu (1962 zuwa 1965) ta koyar cewa ana ciyar da mu da Maganar Allah da kuma Jikin Kristi. Saboda haka wanda ya saba shiga coci bayan an gama karatu, ya cuci ransa. Tun 1905 Paparoma Piyus na 10 ya ƙarfafa mu mu riƙa karɓar Jikin Ubangiji a kai a kai. Amma mu karɓa da shirin da Ikilisiya take nema a yau: azumin awa ɗaya, da furta babban zunubi a gaban Fada.

A ƙauyuka da yawa Fada yakan yi makonni bai zo ba. Kada wannan ya sa mu zauna da yunwa. Mu taru ran Lahadi tare da katekis mu ji Maganar Allah. A gida kuma mu yi addu'ar safe kafin mu tafi gona, da dare iyali su yi Rosari tare. Jikin da aka hana abinci yakan rame. Haka bangaskiyar da ba ta addu'a.

To, ina za mu da guzurin nan? Daga Horeb Allah ya mai da Iliya bakin aikinsa. Mu ma a ƙarshen Misa aikenmu ake yi. Idan mun ci daga bagade ɗaya, amma muna gaba da ɗan'uwa a kan iyakar gona, ko gonar gwauruwa ta cika da ciyawa ba mu kira gayya ba, mun ci mun koma barci ke nan. Yesu ya umarce mu mu shirya da ɗan'uwa kafin mu miƙa baiko (Matiyu 5).

Mu tambayi kanmu a wannan mako: wa ya gaji kamar Iliya a unguwarmu? Wa muka daina gaisarwa? Mu je wurinsa kafin Lahadi mai zuwa.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin tashi. Amin.